Tari a Minti na Goma Sha Tara

Kaset ɗin ya shekara hamsin a kwalin takalmi,
a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, nan Wuppertal,
tsakanin buhun gawayi da keken da ba sarƙa.
Wani ɗalibi ne ya naɗe mu a sace,
rikoda cikin kwat, makirfo a hannun riga,
daren da muka yi wasa a tsohuwar masaƙa
gaban mutum tamanin, rabinsu ruwan sama ya koro.

Yau ga shi a faifai, baƙi wuluk, da tsada.

Jikata Wiebke ke karanta mini jaridu,
idona ya daina kama ƙananan baƙaƙe.
Mai sharhin Hamburg ya ce mun hango gobe.
Na Berlin ya ce hayaniya ce ta yi furfura
aka sa mata suna tarihi.
Wata ta zauna ta ƙirga bugun gangata,
wai inji ne ya koyi numfashi.
Ni dai abin da na sani, yatsuna sun ƙage don sanyi.

Amma wuri ɗaya duk suka durƙusa:
shirun nan na minti goma sha tara.
Ƙarfin hali, in ji wannan.
Rijiya ce da aka haƙa da gangan, in ji wancan.
Daƙiƙa arba'in, sakin layi uku.

Jama'a, wuta ce ta ɗauke.
Ottmar ya taka waya, fis ya ƙone,
yana laluben bango yana zagin kakan mai masaƙar.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi,
amma ba wanda ya bugo ya tambaye ni.
Ottmar ya riga mu gidan gaskiya,
mai jita yana gidan tsofaffi, ya manta da jita.
Na bar musu rijiyarsu.

Ɗaya ne cikinsu ya lura
cewa a tsakiyar shirun, can ta hagu, wajen ƙofa,
wata ta yi tari sau biyu, ta ce a yi haƙuri.
Datti ya kira shi. Ya ce da ma an goge.

Irmtraud ce.
A daren ko sunanta ban sani ba.
Shekara arba'in da ɗaya na kwana gefen tarin nan.

Wiebke, ajiye jaridar.
Ɗaga allurar, mai da ita baya kaɗan.
A'a, kin wuce.
Yauwa. Nan.