Yatsa Uku

Ni ne Tunau, Basarken Bunza.
Ni na tsiyaya gamalin a gurbin Maikada
shekarar da ruwa ya janye da wuri.
Kwalba ɗaya tak. Kafin hantsi
gulbi ya birkito da cikinsa fari fat:
karfasa, kurungu, ramboshi mai ƙwai,
har 'yan mitsil da ba su kai farce ba.
Na cika jirgi, na sayi rediyo.
Rediyon ya daɗe da mutuwa.

Muka ɗinke gidan sauro ya zama taru,
muna tace gulbi kamar mai tatar koko.
Giyayyar bakin gaɓa muka sare don banda,
gaɓa ta zube, yashi ya hau gadon ruwa.
Inda gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa,
yau akuya ke ƙetarewa, gwiwarta a bushe.

Ige ta yayyafa wa murhun banda ruwa,
ta koma sayo na ƙanƙara daga Birnin Kebbi.
Jikana ya ce, yaya yauni yake?
Na zana masa da tsinke a ƙasa.
Ya ce, Kaka, ai wannan maciji ne.
Ran nan tuwo bai wuce mini ba.

Sarkin Ruwa Arzika ya tara mu.
Bai kira sunana ba, bai kuma dube ni ba,
wannan ya fi bulala.
Ya kafa sanda mai jan ƙyalle a Maikada:
daga ruwan fari har a yanke shinkafa, ba su.
Komar da idonta bai ci yatsa uku ba, wuta.
Wa zai yi gadi? Kowa ya sunkuya.
Na ce ni. Na san hanyar da ake bi da dare.

Muka yashe mashigin fadama da kwando da shebur
don mai ƙwai ta samu hanyar burugu.
Muka dasa giyayya ɗari, awaki suka ci sittin,
muka sake, muka kewaye da ƙaya.
Malama Asabe ta zo da 'ya'yan kifi a jarka,
zafin hanya ya kashe rabi,
ta rubuta a littafi, ta share ido da mayafi.

Damina ta uku, daren farin wata,
sauro na cin rabonsa a wuyana,
sai ga ciyawa a dunƙule tana yawo bisa ruwa,
sheƙa ce, ƙwai a ciki jawur kamar tsakiya,
uwar na kewayawa, ƙayar bayanta na kaɗawa a hankali.
Hannuna ya tuna mashi.
Na zauna a kansa har asuba.

Da safe na ɗauko yaron a kafaɗa.
Na ce, kar ka yi magana, duba can.
Ya daɗe yana kallo,
sannan ya raɗa mini a kunne:
Kaka, ba ka iya zane ba.