Sumar Motar Babana

Ba mutuwa take yi ba, suma take.
Muna tafe a gefen tekun Matanzas, fitilu tar,
sai ɗif.
Ba haske, ba gurnani, allurai duk sun kwanta.
Kafin in gama tsaki ta farfaɗo,
ta ci gaba kamar ba ita ba.

Chevrolet ce, ta girme ni da shekara talatin.
Babana ya bar min ita, da bashi, da sifana uku.

Na canja batir, kuɗin shinkafar wata biyu.
Na canja fis. Na zargi dainamo, na zargi makulli.
Ranar Talata ta sake yi min,
da baƙi huɗu a baya suna ɗaukar hoto,
su a zatonsu na tsaya ne su ga jiragen ruwa.

A garejin Dagoberto kuwa lafiyarta ƙalau,
irin yaron da zazzaɓinsa ke gudu in ya ga likita.
Tsohon bai buɗe jakar kayansa ba.
Ya ce, Yaima, a ina take yi?
Na ce ko'ina.
Ya ce ƙarya ne, ko'ina ba wuri ba ne. Tuna.

Na tuna: bayan layin dogo.
Ramin gaban gidan burodi.
Kwanar hagu, in an yi ruwa.

Ya ɗaura ƙaramin kwan fitila da waya biyu,
ya riƙe shi a cinya kamar ɗan tsako,
ya ce ja mu je, kuma kada ki kauce wa rami.
Sau shida muka tsallaka dogon nan.
Mai sayar da gyaɗa har ya fara ɗaga mana hannu.
A na bakwai kwan ya ƙifta.
Dagoberto ya yi dariya, haƙoransa biyu a waje.

Ƙarƙashin batir ya same ta,
wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfe.
Daga sama sumul.
Ya murza ta, sai ga kore ya zubo kamar garin kuka.
Gishirin teku ya cinye ta a ɓoye,
saura zare uku ke riƙe da motar duka,
su taɓa, su saki, su taɓa.

An naɗe bakinta da tsumma mai ɗigon shuɗi.
Na san rigar. Ta mamata ce.
Ƙullin kuma na babana, na bahago,
wanda ya ce na kwana biyu ne, kafin a samu sabuwa.

Samfefa, noti ɗaya, waya daga tsohon firiji.
Ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce kofi dai.

Yau na bi ramin da gangan.
Fitilu ba su ko motsa ba.
Tsumman yana aljihuna, har yanzu yana warin mai.