Baƙon da Ban Yi wa Shimfiɗa Ba

A Gadarif, da kaka,
lokacin da farashin riɗi kan hau ya sauka kafin shayi ya huce,
kwamfutata ta daina sauri.
In danna, in je in yi alwala, in dawo,
'yar da'irar nan tana nan tana juyawa
kamar raƙumin matsar mai da aka ɗaure wa ido.

Na zagi kamfanin waya.
Na zagi hadari, na zagi ƙarfen sabis na bayan tasha.
Sau uku na sayi data cikin mako guda,
ta bi ta inda ruwa ke bi a kwando.
Wani attajiri a Bur Sudan ya jira hoton buhunana,
ya gaji, ya saya a hannun Ilyasu.

Mahasin ce ta zo, 'yar Tukur mai gyaran tarakta.
Ko jakarta ba ta ajiye ba.
"Baffa, rufe komai. Ɗauke hannunka."
Na ɗauke.
"Dubi fitilar akwatin intanet ɗin."
Tana ta ƙiftawa kamar idon marar gaskiya.
"Kai ba ka aika komai ba. To wa ke aikawa?"

Ta buɗe jerin masu aiki a cikin na'urar,
sunaye a layi kamar leburori ranar biya.
Wannan na gida ne. Wannan ma.
Sai ta tsaya a kan wani
da ya ari sunan ɗan gida, harafi ɗaya ya bambanta su.
Shi kaɗai ya tare hanya,
yana jidar kaya zuwa garin da ban san sunansa ba.

Na ce ta ina ya shigo?
Ta ce me ka sauke kwanan nan?
Na tuna wata manhaja ta kyauta
mai faɗa mini canjin dala da fam kowace safiya.
An ce in danna "na yarda", na danna.
Ban karanta ba.
Ashe ba a fasa mini ƙofa ba,
ni na buɗe, har da sannu da zuwa.

Ta zare waya daga bango.
Ta kashe, ta tayar da na'urar tsurarta,
ba kowa sai masu gadi,
sannan ta saki riga-kafi ya bi ɗaki-ɗaki.
Muka sha jabana biyu kafin ya gama.
Uku ya kamo. Ta goge.
Da aka sake kunnawa, ɗaya ya dawo.

Nan na gane shi.
Ƙuduji ne.
Na sha ganinsa a gonar dawa:
ka tsinke furen ka ce ka gama,
alhali bakinsa na ƙasa, manne da saiwa.
Ta bi shi har jerin masu farkawa tare da na'ura,
ta tumɓuke shi a can,
ta share 'yan rakiyarsa da suka maƙale a burauza.

"Kalmomin sirri duka, Baffa. Daga wayata za ka canza.
Kuma ban da sunan garinku da shekarar haihuwa."

Yanzu shafi kan buɗe kafin in ɗaga kofi.
Sai dai ta faɗa mini abu guda a bakin ƙofa:
duk abin da na buga, ya gani,
har wanda na goge.

Akwai wasiƙar da na rubuta wa yayana a Mai Wurno,
dare huɗu ina farawa ina sharewa,
kan bashin da na kasa furtawa.
Yaya bai taɓa ganinta ba.
Wani can ya karanta ta sau huɗu.

Daren jiya na sake rubuta ta.
Fitilar ta ƙifta sau ɗaya, ta tsaya.