Baƙi, Ba Sukari

Na shigo ƙarfe takwas saura kwata,
Filato ta ɗau zafi tun hantsi bai dubi ludayi ba.
Na zaɓi kujerar da ke ƙarƙashin kilim,
na aje jaka, na aje tabarau, na aje jijjigar kabu-kabu.
Abin da nake so bai kai a yi masa taro ba:
kafe baƙi, ba madara, ba sukari.
Likita ce ta yanke mini wannan hukunci
ranar da ta dubi takardata ta girgiza kai.

Seyni ya zo da fensir a bayan kunne.
Na faɗa da Hausa, ya amsa da Zabarmanci,
muka haɗu a tsakiya kan gurgun Faransanci,
kowa na ɗingishi, kowa na cewa ya gane.
Ya miƙo kwali mai sunaye goma sha biyu,
espreso, alonje, kapucino, da wani makiyato,
sai ka ce ƴaƴan gidan da ban taɓa kwana ba.
Na ce, ɗan'uwa, baƙi.
Baƙi irin na gindin tukunya.
Ya ce to. Bai rubuta ba.
Ashe fensirin ado ne.

Wani mai kwat ya shigo bayana,
bai ko yi sallama ba, ya ɗaga yatsa ɗaya.
Kafin in gyara zama har ya kurɓe nasa,
ya goge gashin baki, ya tafi.
Da layi ya zo kaina
mashin ta yi tari, ta yi tsaki, ta ɗauke numfashi.
Kuran ya tafi.
Kilim ya mutu bisa kaina ba wasiyya.

"Kala suuru," in ji Seyni, "za a tada gurup."
Mai tada gurup na jiran gazuwal,
mai makullin gazuwal ya raka baƙo Wadata.
Ni da ƙuda ɗaya muka raba tebur,
shi ma da alama bai karya ba.

Tara da minti goma kofi ya iso,
fari sol, kumfa har baki,
an zana mini zuciya a sama.
Na ɗanɗana: zaƙi kamar alewar biki.
Na ce, Seyni, na ga zuciyar, na gode,
amma tawa nake lallaɓawa.
Ya dubi kofin, ya dube ni,
kamar ni na ɓata masa zane.

Na biyu ya zo baƙi, gaskiya,
cikin ɗan abin da ko tsako ba zai yi wanka ba.
Kurɓi ɗaya da rabi.
Jikka ɗaya da rabi.
A Tawa, da wannan kuɗi, Barmu mai tebur
zai cika maka kofin roba har ya ƙona yatsa,
ya haɗa da burodi shafe da mai,
ya ba ka labarin unguwa gyara.

Na miƙa wa Gambi jikka biyu a wurin biya.
Ta ja akwati, ta tona, ta yi ajiyar zuciya.
"Baba, ba canji."
Ta tattaro dala tamanin da ƙyar,
ta cike sauran da minti huɗu,
ta zuba mini a tafi tana murmushi.
Sukarin da na kora ta ƙofa
ya biyo ni ta taga, a naɗe cikin leda.

Na rantse a bakin titi ba ni ba wurin nan.
Rantsuwar ta kwana ɗaya.
Ofis na kusa, kilim kuma ya farfaɗo,
kuma Ba'adare bai iya barin magana a tsakiya ba.

Ina taka ƙofa Seyni ya hango ni,
ya washe baki, ya buga ƙirji:
"Baba Nomau! Zauna, yau ba sai ka faɗa ba.
Madara, sukari biyu."