Bashin Numfashi

Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kan marasa lafiya,
ni ke sa mutum barci kafin wuƙa ta taɓa shi.
Hannuna kan 'yar jakar roba, in matsa, in saki,
in ce, "Ja, baba, kada ka ji tsoro, ja."
Ni ne mai gadin numfashi.

Da na ajiye aiki sai 'yata Ige ta aiko jakar sanduna,
wai golf yana sauke hawan jini.
Ƙwallon lambu suke ce masa a rediyo,
amma nan bayan garin Sakkwato ina lambun yake?
Tsakuwa ce, da ƙarangiya, da jajayen awaki masu ratse,
sai rami guda can nesa
inda aka kwaɓa baƙin mai da yashi.

Ƙarfe bakwai na safe, bazara ta riga ta hura wutarta.
Na gyara tsayuwa, na dafe sanda,
na cije haƙori, kafaɗuna sun hau kunnuwana,
jijiyar wuya ta miƙe kamar igiyar guga.
Na ɗaga, na maka.
Ƙasa ta tashi, ƙwallo na nan zaune tana kallona,
ni kuwa sai nishi.

Jaɓɓi mai ɗaukar mini jaka bai yi dariya ba.
Ɗan Maƙerar Assada ne, tabon tartsatsi duk hannunsa.
Ya ce, "Likita, mi kaka tsoro?
Ƙwallon ga ba ta cizo.
Ka riƙe sandag ga awa ka kama wuyan
wanda kaka bi bashi."

Na ce na karanta littafin, na san inda ƙafa ke zama.
Ya ce, "Ƙahwa lahiya lau take. Kai dai ba ka sheɗa.
Tun da kaɗ ɗaga hannu kar rufe ƙirji.
Ina yaro ni ka zuga ma babana,
zuga-zugin da ba ya saki ba ya cika,
wuta kau ta mutu.
Ƙarhe ba ya jin magana sai ya yi taushi."

Na yi shiru. Ni za a koya wa wannan?
Sai na tuna wani dare, lantarki ya ɗauke,
yaro ɗan shekara tara a kan tebur,
ina matsa jaka cikin hasken tocila,
ina ƙirga nasa, na hana kaina nawa.
Ya farka, ya tafi gida, watakila yau yana da jikoki ma.
Ni ne ban saki ba tun ranar.
Ashe da shi nake kwana, da shi nake tashi.

To.
Na ja iska ta hanci har cikina ya taɓa riga,
ta zo da ɗacin dogon yaro da warin baƙin mai.
Na saki rabi. Kafaɗu suka sauko da kansu.
Yatsu suka sassauta
kamar mai riƙe da ɗan tsako.
Sanda ta tafi baya ba gaggawa, ta ɗan dakata can sama,
sauran iskar ta fita tare da saukowarta,
ban ma ji lokacin da suka haɗu ba.
Ƙas! Ƙwallo ta keta sama kamar mashi.

Jaɓɓi ya kare ido da tafi, ya bi ta har ta sauka.
"Awo," ya ce. Bai ƙara ba.

Bugu na gaba na sake cije baki,
ta faɗa cikin ƙaya, akuya ta bi ta da sansana.
Ya tafi nema yana girgiza kai,
ni na tsaya inuwa ina ja, ina saki,
ina biyan kaina kaɗan-kaɗan
abin da na daɗe ina ci bashi.