Jingina

Ba saye na yi ba, jingina ce.
Wani ɗan lakwal, Mantau, na ɗinka wa riga da wando,
kuɗinsa suka gaza,
ya ajiye littafi kan kekena, ya ce sai Juma'a.
Yau Juma'a goma sha ɗaya ke nan.

Bangon ya sha maiƙo, na tsire ko na ƙuli-ƙuli, oho.
Da shi nake danne yadi kada iska ta ɗauka,
sai ran da aka ɗauke wuta tun hantsi,
layin telolin Zariya duk ya koma hira da shayi,
na buɗe shi don in kori barci.

Ashe gari ne a ciki,
garin da in mutum ya yi ƙarya inuwarsa ke tsinkewa,
ta bi gindin bango ta tafi abinta.
Akwai wata tsohuwa mai allurar ƙayar beguwa,
ita ke ɗinke wa kowa tasa a diddige.
Ba ta karɓar ko dala.
Ladanta gaskiya ɗaya, wadda ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Ni da nake ce wa mai riga ya dawo gobe,
alhali ko yankawa ban yi ba,
na leƙa ƙarƙashin benci.
Tawa tana nan, amma ta ɗan ja baya.

Wuta ta dawo ban sani ba.
Sai da Laminu ya zungure ni da almakashi,
ya ce wa ya rasu?

Sunanta na can ƙasa, maiƙo ya ci rabi:
Tsahara Nomau.
Ban san garinsu ba, ban san ko tana raye ba.
Amma ta san zare na ƙin shiga allura
in mai hannun na ɓoye magana.
Wannan ba a jinsa a bakin wani,
sai wanda ya yi zaman keke.

Na gama shi daren Laraba da fitilar salula.
Washegari na sauka gulbi, yashi zalla,
ina bin inuwar masu amalanke da kallo,
wa ke da tasa cikakkiya, ta wa ke da faci.

Asabar na je wajen Baba Jadi, bayan babbar kasuwa,
littattafai kan buhu, kowane da dutse a kai.
Na faɗi sunan. Bai ɗago ba.
Ya ce uku ta rubuta da ya sani, ka cinye ɗaya.
Ga na biyu, gara ta ci shafukan ƙarshe.
Na uku yana hannun wani a Tibiri, bai maido ba tun bara.
Ga kuma wannan, na wani ne daban, mai kauri,
aljanu bakwai da takobi mai magana,
kuɗinsu ɗaya, jika guda.

Jika guda ce a aljihuna.

Na ce manomi ba ya cinye iri.
In na karanta ta duka, mi zan jira?
Bari in bar ta sai damina, in gulbi ya kawo.
Na ɗauki mai kaurin, na biya,
na yi masa godiya irin ta mai hankali.

Ban kai bakin kwalta ba.
Rana na bayana, inuwata na gabana,
na ga kamar ɗinkin diddige ya saki.

Na koma.
Baba Jadi ya riga ya ɗaga dutsen.
Ya ce ka ji dai ba shi da ƙarshe.
Na ce na ji.
Shekara ashirin ana kawo mini yadi ba kalmasa,
ba a taɓa cewa na kasa ba.

Mantau, in ka ji wannan, kada ka zo.
Na yafe maka cikon.