Ina Aka Kai Dare?

Ƙarfe goma sha ɗaya. Agogo ya ce dare ne,
taga ta ce ƙarya yake yi.
Rana na zaune a bakin tafkin Kemijärvi
kamar baƙuwar da ta ci ta ƙoshi,
ta mance hanyar gidansu.
Haka bazara take a arewacin Finland,
wata biyu ba ta san sallama ba.

Veikko ya hau kujera, ƙusa biyu a baki,
yana kafe tsohon bargon kakarsa a taga
don ya ƙera wa yara daren hannu.
Haske ya laluba, ya sami hudar da asu ya ci,
ya zuro yatsa ya dafa hancin Tuure.

Tuure, ɗan shekara biyar, gwiwa duk tabo,
ya haɗa tafuka, ya rufe ido ɗaya.
Ya gode wa Ubangiji saboda sabon dankali,
da kare, da tsutsar da ya tono da safe,
ya roƙa a shiryi sauro su daina cin mutane.
Kafin Amin sai ya juyo:
"Mama, an ce mana a coci Allah ya raba haske da duhu.
To ina ya kai duhun?"

Na ce, ya ajiye shi.
"A ina?"
Na ce, inda ake ajiye kayan da ba a bukata tukuna.
Kwanta.

Ban faɗa masa ni ma ina cigiyar daren ba.
Hannuna na warin albasa da man sauro,
kwando uku na wanki na harara ta,
ga Saima, baki shuɗi har kunne,
ta cinye 'ya'yan dajin da na tsinko tun hantsi,
tana girgiza kai wai ba ita ba ce.
Ɗazu na daka mata tsawa har kare ya bar ɗakin.
Na durƙusa na ce ta yafe mini.
Ta ba ni guda ɗaya, wadda ta riga ta tauna.

Ran Lahadi muka isa a makare kamar kullum.
Cocin katako na ƙamshin rana da tsohon fenti.
Kaka Hilkka na gaba da kowa da baiti guda,
ba ta taɓa jiran mai kiɗa ba.
Saima ta tuɓe takalmi ta jefa a kwandon baiko,
Tuure ya damƙe kwabonsa ya ce sai wani makon.
Daga wa'azin kalma uku na tsira da su,
sauran sun zube ƙarƙashin benci
tare da gutsuttsarin burodi.
Ina jin Mai gidan ya saba,
shi ne ya ce a bar su su zo.

Da la'asar, ko abin da agogo ya kira la'asar,
sai ihu daga bayan gida.
Na ruga da ludayi a hannu, zuciya a wuya.
Tuure ne a bakin rumbun ƙasa
inda muke tara dankali da kwalaben zuma,
ya buɗe ƙofar faɗin tafin hannu,
yana leƙe, jikinsa na rawa.
"Mama, na gan shi! Yana nan, yana barci!"

Na sunkuya na leƙa.
Yana nan kuwa, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa,
wanda zai fito a Nuwamba
ya zauna mana a ƙirji har Fabrairu.

Tuure ya tura ƙofar a hankali,
ya sa sakata, ya ƙara da dutse.
"Kar ki gaya wa Saima," in ji shi,
"za ta tashe shi."